Ka Yi Sallama Kafin Ka Tafi, Ka Kuma Rubuta Abin da Ka Iya

Duk mai makarantar kuɗi a Kano ko Kaduna ko Gusau ya san fargabar makon farko na wata. Albashi ya fita ranar Juma'a, alat ya shiga wayoyi. Ranar Litinin a kaɗa ƙararrawa, yara su shiga aji, malamin lissafi babu shi babu dalilinsa. A kira lambarsa, a kashe. Sai wajen Laraba wani abokinsa zai ce ai ya samu aiki da wata ƙungiyar agaji a Maiduguri, tun Asabar ya hau mota. Takardun gwajin da ya karɓa bai duba ba suna kulle a ɗakinsa, rajistar aji kuwa ko sama ko ƙasa. Abin bai tsaya a makarantu ba. Haka ake yi a asibitocin kuɗi, da shagunan magani, da gidajen mai, da masana'antun Bompai da Sharaɗa. Mutum ya shekara biyu ana cin abinci kwano ɗaya da shi, ranar tafiya sai ya yi layar zana.

Masu yin haka yawancinsu ba mutanen banza ba ne. In ka ritsa ɗaya ka tambaye shi, amsar kusan ɗaya ce: "Wallahi nauyinta nake ji. Da wane ido zan kalli Hajiya in ce zan tafi, bayan ita ta ɗauke ni lokacin da ba ni da ko kuɗin mota?" Wato kunya ce ta hana shi maganar minti biyar, ta kuma jefa shi cikin abin kunyar da zai daɗe yana bin sa. Wannan kunyar ita ce dai nake gani kwance a kan CV ɗin da matasanmu ke yawo da shi, wato takardar bayanin karatu da gogewar mai neman aiki. Wanda bakinsa ya yi nauyin cewa "zan tafi", hannunsa ma nauyi yake yi wajen rubuta "na yi kaza, na iya kaza". Sai ya bar takardar fayau, ko ya miƙa wa yaron shagon kwamfuta ya cika masa ita da abin da bai san ma'anarsa ba. A ganina takardar ajiye aiki da ta neman aiki ba a raba su, domin duk abin da ka rubuta a ta biyun, ƙarshenta wani zai ɗaga waya ya tambayi inda ka baro.

Kafin masu ɗaukar aiki su fara gyaɗa kai, bari in ba su nasu kason. Da yawansu su suka koya wa ma'aikata gudu. Akwai inda malami zai shekara uku ba a ba shi ko fallen takarda da ke nuna an ɗauke shi ba, alhali sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce. Akwai masu biyan abin da bai kai rabin Naira 70,000 da aka tsayar a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi ba, kuma lokacin hutu ko sisi. Wasu karɓe ainihin satifiket ɗin mutum suke yi su kulle a durowa, wai don kada ya gudu. Ga kuma wanda da zarar ka kai masa notis, albashin watan ƙarshe ya zama nasa. Ma'aikacin da ya ga an yi wa na gabansa haka sai ya yi lissafi: in na faɗa, aikin watan nan na yi wa Allah ke nan, gara in jira alat in sulale. Na fahimci lissafin sarai. Ban dai yarda da shi ba, don ya ceci albashin wata ɗaya ne ya biya da abin da ya fi shi tsada.

Masu sana'a ɗaya sun san juna. Shugabannin makarantu suna da ƙungiyoyinsu da zaurukansu na WhatsApp. Likitoci da akantoci da injiniyoyi tare suka yi karatu a Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri. Wanda zai ɗauke ka ba lallai ya kira sunan da ka rubuta masa ba, wanda shi ya sani zai kira. "Wane ya yi aiki da ku, yaya yake?" Amsar ba ta buƙatar tsawo. "To, aiki kam ya iya, amma..." ta isa ta rufe fayil. A wasu fannonin ma abin ya wuce hirar waya. Babban Bankin Najeriya yana ajiye da sunayen ma'aikatan banki da aka kora saboda zamba, bankuna kuma suna dubawa kafin su ɗauki mutum. A Fabrairun 2024 hukumar da ke kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta fitar da ƙa'idar cewa mai son a tantance masa takardu don aiki a ƙasar waje sai ya yi shekara biyu yana aiki, sai kuma an samu wasiƙar shaidar kirki daga shugaban wurin aikinsa. Ma'aikatan jinya sun yi zanga-zanga a kai, kuma ina ganin suna da hujja. Amma ka ɗauka kai ne wanda ya bar majinyata a gado ya kashe waya, yau ga ka kana neman sa hannun mutumin da ka gudar wa.

Abin mamaki, dokar ba ta nemi wani abu mai yawa ba. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ce wanda aikinsa bai wuce wata uku ba, notis ɗin kwana ɗaya ya ishe shi. Daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako ɗaya. Shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Biyar zuwa sama, wata ɗaya. Duk notis da ya kai mako ɗaya sai a rubuce, kuma ana iya biyan kuɗi a madadinsa. Sai dai dokar an yi ta ne musamman don masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis. Manajoji da ƙwararru, abin da suka sa wa hannu a takardar ɗaukar aiki shi ke hukunci, yawanci wata ɗaya, manya kuma wata uku. Don haka kafin ka ce wa sabon wuri "zan fara ranar Litinin", nemo tsohuwar takardar nan ka karanta. Sabon maigidan da ya ƙi jiran ka wata ɗaya ka sallami mutane cikin mutunci, ya riga ya nuna maka yadda shi ma zai sallame ka.

Wani abin da ma'aikata da yawa ba su sani ba: kotunan Najeriya sun sha yanke hukuncin cewa ajiye aiki haƙƙin ma'aikaci ne, maigida ba shi da ikon cewa "ban karɓa ba". Muhimmin abu shi ne takardar ta isa hannunsa. Saboda haka buga kwafi biyu, a sa hannu da kwanan wata a kan naka, ka kuma tura ta imel. Ranar da aka riƙe maka albashi, wannan kwafin za ka nuna wa ofishin ƙwadago ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da rassa a Kano da Kaduna da wasu biranen Arewa. Wanda ya sulale ba shi da abin nunawa, shi ma ake bi bashin notis.

Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa buƙatar jin wannan. A ƙa'idojin aikin gwamnati, ƙaurace wa aiki ba izini babban laifi ne da ke kai ga kora, kora kuwa tabo ce da ke zama a fayil. Sannan ga masu tafiya Saudiyya ko Ingila su bar sunansu a jerin albashi, alat na shigowa wata bayan wata. Wannan dai ba ya buƙatar lauya, kowane malamin zaure zai gaya maka sunan kuɗin.

To yaya ake yi? Da baki ake farawa, kafin takarda. Kada maigidanka ya ji a bakin masinja, kada ya gani a Facebook ana yi maka murna. Nemi lokacin da yake shi kaɗai, ka shiga ka zauna. "Yallaɓai, Allah ya buɗa mini wata ƙofa, na ce in zo in shaida maka da bakina kafin takarda ta iso teburinka. Zan tsaya har ƙarshen wata mai zuwa in miƙa komai." Shi ke nan. Zai iya ɓata rai, zai iya yi maka gori, zai iya cewa zai ƙara maka albashi. Game da ƙarin nan, ni dai ina shakkarsa: kuɗin da bai fito ba sai da aka ga ƙafarka a waje, dama akwai shi, hana ka aka yi. Amma ko me ya ce, minti goma ne ya wuce.

Kuma ba Turawa suka kawo mana wannan ba. A Kantin Kwari da Singa da Dawanau, yaron da ya daɗe a shagon ubangidansa ba ya tashi dare ɗaya ya buɗe nasa. Zama ake yi, a ƙirga kaya, a daidaita littafi, a kira dattijan layi, a yi addu'a, sau da yawa a haɗa masa da jari ko a ba shi kaya bashi. Gobe in ya je wurin dila ya ce shi yaron Alhaji wane ne, wannan kalmar kaɗai ta ishe shi a ɗora masa kaya. Wanda kuwa ya tsere da daddare, har jikokinsa sai sun ji labari. 'Yan kasuwar da ake wa kallon ba su yi boko ba sun riƙe wannan ladabin, masu digirin ne suka yar.

Ita takardar, gajeruwa ce. Kwanan wata, sanarwar cewa ka ajiye aiki, ranar da za ta zama ta ƙarshe, godiya layi ɗaya, sa hannu. Ba wurin huce haushi ba ne. Ko an zalunce ka, kada ka zuba shi a nan, domin takarda tana zama a fayil bayan fushinka ya huce, bayan shugaban da ya ɓata maka ya yi ritaya, wani da bai san hawa ba bai san sauka ba shi zai karanta ya yi maka hukunci. In akwai haƙƙin da kake bi, rubuta shi a wasiƙa daban, da adadi da watanni, babu zagi.

Watan notis shi ne inda ake gane mutum. Da yawa jikinsu ne kawai ke zuwa, sai sha ɗaya su iso, azahar su ɓace. Alhali abin da za a tuna da kai shi ne makonnin nan na ƙarshe, sun fi shekarun baya zama a zuciya. Rubuta wa magajinka bayanin miƙa aiki: ayyukan da ke hannu da inda kowanne ya tsaya, wa ake bi bashi, wa ke bin ku, makullai, lambobin sirri na kwamfuta, har da ɗan abin da ba ya cikin littafi, irin su wane kwastoma ne ba ya son a kira shi da safe. Mayar da katin shaida da duk kayan ofis, a rubuta maka cewa ka mayar. Kada ka kwashi lambobin kwastomomi ko fayilolin kamfani ka tafi da su, amana ce.

Kafin ka fita, duba asusun fanshonka. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, maigida na zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, kai kana zuba kashi 8, kuma wajibi ne kuɗin su shiga cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Akwai wuraren da ke cirewa a takarda amma ba sa turawa, kuma ya fi sauƙi ka bi sawu kana ciki. Asusun naka ne, yana bin ka duk inda ka koma. Wanda bai kai shekara 50 ba kuma ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba, yana iya neman har kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara. Ma'aikatan jihohi irin su Kano da Jigawa tsarinsu daban ne, sai su tambayi hukumarsu. Daga ƙarshe, nemi takardar shaidar aiki tun fuskarka na gabansu. A Nijar dokar ƙwadago ta wajabta wa maigida ba da ita idan aiki ya ƙare. Mu a nan roƙo ake yi, kuma da za a bi tawa da an mayar da ita dole.

Yanzu ga CV. Mun tashi ana gaya mana yabon kai jahilci ne, kuma gaskiya ne a zaure da wurin biki. Amma neman aiki wani wuri ne daban. A Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusuf (AS) da bakinsa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma faɗi dalili: shi mai tsarewa ne, masani. A Suratul Ƙasas, 'yar dattijon Madyana ta ce wa mahaifinta mafi alherin wanda za a ɗauka aiki shi ne mai ƙarfi, amintacce. Iyawa da amana ke nan. Mai ɗaukar aiki su yake nema, kuma shi ba ɗan duba ba ne, sai ka faɗa masa. In ka yi shiru don kawaici, wanda bai kai ka ba amma ya buɗe baki shi zai samu.

Ɗauki CV goma daga kowane shagon kwamfuta da ke bakin jami'a ka jera. Kusan duka uwa ɗaya uba ɗaya ne, domin fayil ɗaya ne a kwamfutar, suna kawai ake canzawa. A sama akwai wata doguwar jimlar Turanci da ke cewa mai takardar yana burin aiki a ma'aikata mai daraja inda zai ba da gudummawa wajen cimma manufofinta. Kowa ya rubuta ta, ba wanda ya taɓa karanta ta. Sai rabin shafi na jinsi da addini da aure da sunan unguwa. Sai makarantar firamare. Sai abubuwan sha'awa: karatu, tafiye-tafiye, haɗuwa da mutane. Wajen da ya kamata a ga aiki kuwa, layi ɗaya ne tal: malami, makaranta kaza, 2021 zuwa 2024. Shekara uku na gumin mutum, an tattara su a kalmomi shida. Har na taɓa ganin wadda aka manta ba a goge lambar wayar mai takardar farko ba.

Mai tantancewa da tarin takardu a gabansa ba karatu yake yi ba, ido yake wurgawa. Abin da ke tsayar da idon shi ne aikin da aka yi, da adadi. "Malamin lissafi" bai ce komai ba. Amma a ce: na koyar da aji uku na babbar sakandare, ɗalibai 140, na shirya darasin Asabar ga masu rubuta WAEC, waɗanda suka ci lissafi suka ƙaru daga kaza zuwa kaza. Yanzu an ga mutum. Mai tsaron shagon magani ya faɗi kayan nawa yake kula da su, da yadda ya tsara littafi har aka daina asarar maganin da wa'adinsa ya ƙare. Sharaɗin dai adadin ya zama na gaske, wanda tsohon maigidanka zai ce e, haka ne. Aikin baya-bayan nan shi ke zuwa farko. Shafi ɗaya ya ishi sabon gama makaranta, biyu sun ishi kusan kowa, in ban da malaman jami'a da ke jera rubuce-rubucensu. Jiha da ƙaramar hukuma suna da amfani a aikin gwamnati saboda tsarin raba daidai na tarayya, amma kamfani ko ƙungiyar ƙasa da ƙasa ba abin da za su yi da su, balle addininka ko yawan 'ya'yanka.

Inda kunyar ta fi yi mana ɓarna shi ne ayyukan da muke raina wa. Saurayi zai ce ba shi da gogewa, alhali ya shekara huɗu yana riƙe da littafin shagon babansa, ko yana sana'ar POS yana juya dubban ɗaruruwa kullum ba a taɓa samun gibi ba. Budurwa ta koyar a Islamiyya, ta yi aikin rigakafin shan inna gida-gida, ta yi N-Power, amma duk ba ta sa ba, wai ba aikin ofis ba ne. Shekarar bautar ƙasa ma aiki ce, a faɗi abin da aka yi a cikinta. Harsuna kuma dukiya ne: ƙungiyoyin da ke aiki a Borno da Yobe suna neman mai jin Kanuri da Hausa da Fulatanci ido rufe, mu kuwa sai mu ɓoye su a ƙasan shafi, ko mu ƙi sawa sam. Matar da ta yi shekaru a gida tana reno kada ta ƙirƙiro aikin ƙarya don toshe gurbin. Ta faɗa a layi ɗaya, ta nuna abin da ta koya ko ta sarrafa a lokacin, ko da sana'ar cikin gida ce.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma suna kayar da mutum. CV ɗaya ba ya shiga kowace ƙofa, karanta tallar aikin ka gyara naka ya amsa abin da suka tambaya, da irin kalmominsu, domin manyan kamfanoni da ƙungiyoyi manhaja ke fara tace musu takardu kafin ɗan Adam ya gani. Hoton takarda da aka ɗauka da waya a kan tabarma manhajar ba za ta iya karanta shi ba, a tura PDF mai sunanka. Adireshin imel ya zama sunanka na yanka, ba laƙabin da abokai ke kiran ka da shi a majalisa ba. Lambar waya ta zama wadda ke shiga. Sannan ba wa wanda ya fi ka Turanci, ko Faransanci in a Nijar kake, ya duba maka.

Kishiyar kawaici ita ce ƙarya, kuma mun ga inda take kai mutum. A 1999 Salisu Buhari, ɗan majalisa daga Kano, ya zama Kakakin Majalisar Wakilai yana matashi. Mujallar TheNews ta bankaɗo cewa digirin Jami'ar Toronto da ya ce yana da shi babu shi, kuma ya ƙara wa kansa shekaru don ya kai 30 da tsarin mulki ya gindaya a lokacin. Cikin watan Yuli ya amsa laifi a gaban majalisa ya sauka, Ghali Umar Na'Abba ya gaje shi. Daga baya Shugaba Obasanjo ya yi masa afuwa, amma har yau in aka ce "Toronto" a Najeriya kowa ya san takardar bogi ake nufi. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya nuna yadda ya sayi digiri daga Kwatano cikin mako shida har ya shiga bautar ƙasa da shi, kuma a farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Masu na gaskiya daga can ma abin ya shafe su.

Ƙaryar da ta fi yawa a tsakaninmu ta shekaru ce. A nan ma ina ganin laifin masu tallar aiki, musamman bankuna, da ke cewa kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27, a ƙasar da yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas. Yaron da ya fito daga ƙauye, ya shiga firamare a makare, ya jira gurbin karatu shekara biyu, yaya zai yi? Ƙa'idar zalunci ce, ya kamata a hana ta. Amma takardar rantsuwar kotu ba ta da ƙarfin da take da shi a da. Ranar haihuwarka tana kan NIN, tana kan BVN, tana kan rajistar WAEC da JAMB, kuma ranar da suka saɓa wa juna ba a tsayawa jin uzuri. Haka masu rubuta sun ƙware a Excel, a zaunar da su gaban kwamfuta a ce su haɗa jimla, gumi ya karyo.

Sai masu ba da shaida a kanka, waɗanda ake jerawa a ƙarshen takarda. Mun saba sa sunan wani babban mutum na garinmu, kwamishina ko farfesa, wanda in aka kira shi zai ce "wa?" Shaidar da ke da nauyi ita ce ta wanda ya ga aikinka da idonsa, wato shugabanka na kusa a inda ka baro, ko malamin da ya duba maka kundin kammala karatu. Nemi izininsa tukuna, ka tura masa CV ɗin da tallar aikin, don kada kira ya zo masa bagatatan. A ranar intabiyu kuma za a tambaye ka dalilin barin wancan wuri. Ba halin Hajiyar da ka baro suke son sani ba, kai suke aunawa, suna sauraron yadda za ka yi maganarsu su ma wata rana. Ko da albashin wata uku ake riƙe maka, ana iya faɗin gaskiya ba tare da tsinuwa ba: biyan albashi ya yi ta samun tsaiko, na ba da notis na wata ɗaya, na miƙa aiki, ga takardar, ga kuma lambar shugabana in kuna son ku kira shi.